Yadda Ɗan Kasuwa Zai Fara Karɓar Kuɗi da Katin Banki ta Intanet a Najeriya

Yawancin masu sayar da kaya ta intanet a Kano, Kaduna, Sakkwato da sauran garuruwanmu hanya ɗaya suke bi wajen karɓar kuɗi: a tura wa mai saye lambar asusu, ya yi taransifa, ya ɗauki hoton rasit ya aiko ta WhatsApp, sannan mai kaya ya zauna jiran alat. Wannan hanya tana biyan buƙata matuƙar masu sayen ba su da yawa kuma dukkansu suna da asusu a bankunan Najeriya. Amma ranar da oda ta yi yawa har aka kasa gane wane alat ne na wane ciniki, ko ranar da wani mazaunin Jidda ko Landan ya so sayen shadda don a kai wa mahaifiyarsa a Katsina alhali ba shi da asusun naira, a nan ne ake gane amfanin samun hanyar da mutum zai sa lambar katinsa ya biya da kansa, ko da tsakar dare ne, ba tare da ya jira kowa ya farka ba.

Katunan da za su riƙa zuwa maka iri-iri ne. Akwai Verve na kamfanin Interswitch, akwai Mastercard da Visa, sai kuma AfriGO wanda Babban Bankin Najeriya da NIBSS, kamfanin da ke haɗa biyan kuɗi tsakanin bankuna, suka ƙaddamar a watan Janairun 2023. Mafi yawan waɗanda ke hannun mutanenmu katunan cirar kuɗi ne, wato abin da ke cikin asusun mutum shi yake kashewa. Katin bashi, wanda banki ke biya wa mai shi sannan ya biya bankin daga baya, bai yaɗu a wurinmu ba, amma ruwan dare ne a Amurka da Ingila, don haka duk mai neman ciniki daga ƙetare zai haɗu da shi. A wajen mai sayarwa dai duka biyun ta ƙofa ɗaya suke shigowa, shirin karɓarsu kuma iri ɗaya ne.

Kafin a cika fom ko ɗaya, ya kamata ɗan kasuwa ya san hannuwan da kuɗin ke bi. Idan mai saye ya sa lambar katinsa, kamfanin karɓar kuɗi ne ke ɗaukar bayanin ya miƙa ta hanyar kamfanin katin, irin su Visa ko Verve, zuwa bankin da ya ba shi katin, bankin ya duba ko akwai kuɗi kuma ko mai katin ne da kansa, sannan ya amince ko ya ƙi, duk a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kamfanin da ke tsakani matsayin dillali yake da shi, yana haɗa ciniki ya ɗauki la'adarsa, ya tura maka ragowar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bankin mai katin yana da ikon dawowa ya janye kuɗin bayan makonni ko watanni idan mai katin ya kai ƙorafi kuma kai ka kasa kawo shaida. Saboda haka rabin aikin karɓar kuɗi da kati na na'ura ne, sauran rabin kuwa na ajiye shaida ne, kuma a wannan rabin na biyu ne 'yan kasuwa suka fi yin asara.

Mataki na farko: haɗa takardu

Ka yi wa kasuwancinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Mai ƙaramin shago zai iya tsayawa a rajistar sunan kasuwanci, wanda ya fi araha da sauƙi, mai son raba dukiyarsa da ta kasuwancin kuma ya yi rajistar kamfani, musamman da yake dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani ba sai da abokin tarayya ba. Bayan haka ka tabbatar kana da lambar haraji ta TIN, da lambar BVN, da NIN ko wani katin shaida na gwamnati, da takardar da ke nuna adireshinka kamar rasit ɗin wuta. Da waɗannan za ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, kuma sunan da ke kan asusun ya zama daidai da wanda ke kan takardar CAC harafi da harafi, domin saɓanin suna na daga cikin abubuwan da suka fi jawo a dawo wa mutum da takardunsa. Masu harkar gwal, motoci, filaye da gidaje ko otal su sani cewa banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, kafin ya buɗe musu asusun kasuwanci.

Wanda bai kai ga yin rajista ba yana iya farawa, domin Paystack alal misali yana da rukuni na masu farawa da ke karɓar asusun mutum na ƙashin kansa tare da BVN da katin shaida. Sai dai akwai iyakar abin da za a bar shi ya tara a wannan rukuni, kuma ba dukkan damarmaki zai samu ba. A ganina wannan hanya ta gwaji ce kawai, bai kamata mai niyyar daɗewa a kasuwa ya zauna a kanta ba.

Mataki na biyu: zaɓen kamfanin da zai karɓar maka

Sanannu a Najeriya sun haɗa da Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020, da Flutterwave da aka kafa a 2016, da Interswitch wanda ya girme su duka tun daga 2002, da Monnify na kamfanin Moniepoint, da Squad na rukunin GTCO, da Remita wanda aka fi sani da kuɗaɗen gwamnati da na makarantu. Ko wanne ka zaɓa, abu na farko shi ne ka duba sunansa a jerin masu lasisi da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa a shafinsa, tunda kuɗinka zai riƙa kwana a hannunsa kafin ya iso gare ka.

Bayan lasisi, ka binciki ranar da suke tura kuɗi, da katunan da suke karɓa, da ko shafin biyan nasu yana ba mai saye zaɓin taransifa da USSD bayan kati. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a Arewa, inda mutane da yawa ke ɗari-ɗari da rubuta lambar katinsu a intanet, kuma wanda katinsa ya ƙi wucewa zai iya komawa taransifa a shafi ɗaya maimakon ya fasa cinikin. Ka kuma karanta jerin kayan da ba sa yarda a sayar ta hanyarsu, domin mai sayar da magunguna, kayan gyaran jiki ko abinci a leda za a iya tambayarsa takardar NAFDAC ko lasisin sana'arsa. Kafin ka yanke shawara, ka aika wa sashen kula da abokan hulɗarsu tambaya ka ga tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su amsa, domin ranar da kuɗinka ya maƙale su ne za ka nema.

Wasu matasa kan ba da shawarar a buɗe asusu a kamfanin ƙetare da adireshin bogi na Amurka ko Ingila don a riƙa karɓar dala. Kada ka bi wannan shawara. Ranar da kamfanin ya nemi ka tabbatar da adireshin, zai rufe asusun da kuɗinka a ciki, kuma ba ka da bakin kai ƙara tunda da ƙarya ka shiga.

Mataki na uku: lissafin la'ada

Farashin da Paystack ya daɗe yana wallafawa ya isa misali. A katin cikin gida yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100, ana yafe ₦100 ɗin idan cinikin bai kai ₦2,500 ba, kuma duk girman ciniki la'adar ba ta wuce ₦2,000. Ke nan cinikin ₦2,000 za a cire masa ₦30, na ₦10,000 a cire ₦250, na ₦50,000 a cire ₦850, na ₦500,000 kuma ₦2,000 kacal, domin tun daga wajen ₦126,700 la'adar ta kai ƙarshenta. A katin ƙetare kuwa kashi 3.9 cikin ɗari ne da ƙarin ₦100, wato cinikin ₦100,000 zai bar ₦4,000 a hanya. Kamfanoni sukan sauya farashi, don haka ka buɗe shafin farashin wanda ka zaɓa ka yi irin wannan lissafi da alƙalumansa na ranar.

Lissafin yana nuna wanda la'adar ta fi ci wa riba. Mai sayar da turmin leshi na dubu ɗari biyar ko ji ba zai yi ba, amma mai sayar da kilishin ₦3,000 za a cire mata ₦145, kusan kashi biyar cikin ɗari na kuɗin, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai cin ƙaramar riba. Irin wannan 'yar kasuwa gara ta haɗa kaya a ƙunshi mai ɗan tsada, ko ta sa mafi ƙarancin abin da za a iya yin oda. Ana iya saita shafin ya ɗora wa mai saye la'adar, amma na fi ganin dacewar a shigar da ita cikin farashi tun farko, saboda mutumin da ya ga ₦20,000 a talla sannan ya ga ₦20,406 a wurin biya yakan ji kamar an yi masa wayo.

Akwai masu tambaya kan halaccin wannan la'ada. Abin da kamfanin ke cira kuɗin aiki ne na isar da biya, kuɗin ruwan da ke kan katin bashi kuwa tsakanin mai katin ne da bankinsa, ko kwabo ba ya shiga aljihun mai sayarwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa bayanin yadda tsarin yake, kuma yana iya sa asusun da za a riƙa tura masa kuɗi ya zama na bankin da ba ya hulɗa da ruwa, irin su Jaiz, TAJBank ko Lotus.

Mataki na huɗu: buɗe asusu da haɗa shi da kasuwanci

Buɗe asusu a kamfanin karɓar kuɗin bai wuce sa imel, lambar waya, bayanin abin da kake sayarwa da ɗora hotunan takardu ba. Ka faɗi gaskiyar sana'arka, ka kuma kula da sunan da zai riƙa fitowa a alat ɗin mai saye. Idan mutane sun san ka da wani suna a Instagram amma alat ya nuna musu wani suna dabam, wasu za su ɗauka an sace musu kuɗi ne su garzaya banki.

Ba dole ne ka mallaki shafin intanet ba. Daga cikin asusunka za ka iya ƙirƙirar shafin biya mai ɗauke da sunan kaya da farashi, ka kwafi adireshinsa ka tura ta WhatsApp ko ka liƙa a Facebook, ko ka aika wa mai saye takardar neman biya mai sunansa. Ga mafi yawan masu ɗinki, turaren wuta, takalma da koyarwa ta intanet, wannan ya wadatar. Mai shago a kan WooCommerce ko Shopify, wato manhajojin gina shagon intanet, kuwa zai ɗora ƙaramar manhajar da kamfanin ya tanada, ya sa makullan da aka ba shi, wato lambobin da ke haɗa shagon da asusunsa, aiki ya kammala a cikin yini. Sai wanda aka gina wa shafi ko manhajar waya ta musamman, shi ne zai buƙaci ƙwararren mai rubuta manhaja.

Idan ka ɗauki irin wannan ƙwararre, akwai sharuɗɗan da za ka gindaya masa ko da ba ka san aikin ba. Asusun da sunanka da imel ɗinka za a buɗe, shi kuma ka ba shi izini mai iyaka a matsayin ma'aikaci. Makullai biyu ake bayarwa, na fili da na sirri, kuma na sirrin ba ya barin sabar shafinka, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ba a tura shi ta WhatsApp, idan kun rabu kuma ka sauya shi nan take. Shafin ya kasance mai https, wato alamar tsaro da ke farkon adireshinsa, tunda takardar tsaron ma kyauta ake samu daga Let's Encrypt. Sharaɗi mafi girma shi ne kada shafin ya ɗauki oda a matsayin wadda aka biya don kawai wayar mai saye ta nuna an biya. Dole sabarka ta jira saƙon tabbatarwa daga kamfanin, ko ta tambaye shi da lambar cinikin, ta kuma gwada adadin da aka biya da farashin kayan. A tuna masa cewa Paystack da kwabo yake lissafi, wato ₦5,000 ana rubuta ta 500000, kuskuren sifili biyu kuwa yana iya sa a sayar da kayan dubu biyar a kan naira hamsin.

Mataki na biyar: gwaji

Kowane kamfani yana da yanayin gwaji da katunan gwaji da ba sa taɓa kuɗin gaske. Ka gwada biya mai nasara, da wanda ya gaza, da wanda aka katse a tsakiya. Bayan an kunna maka asusun gaske, ka sayi abu mai araha da katinka, ka jira kuɗin ya sauka a banki, sannan ka gwada mayar da shi. Ka yi gwajin da ƙaramar waya a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, domin haka yawancin masu sayenka za su shigo.

Mataki na shida: tsare bayanan mutane

Manyan kamfanonin kati biyar, wato Visa, Mastercard, American Express, Discover da JCB, sun kafa majalisa a 2006 da ke kula da ƙa'idar tsaro mai suna PCI DSS, wadda ta hau kan duk mai taɓa bayanan kati. Hanyar da ƙaramin ɗan kasuwa zai sauke mafi yawan wannan nauyi ita ce ya bar lambar kati ta shiga shafin kamfanin kai tsaye ba tare da ta bi ta hannunsa ba. Kada ka taɓa cewa a turo maka hoton kati, ko lambobi ukun da ke bayansa, ko PIN, ko lambar OTP da banki ke turo wa mai katin, ko da shi ne ya roƙe ka ka taimaka masa ya biya. Ka koya wa yaran shagonka wannan, ka ba kowa izinin shiga nasa dabam, ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun da imel ɗin da aka buɗe shi da shi. Sunaye, lambobin waya da adireshin masu saye su ma amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora maka, hukumar kare bayanai ta NDPC kuma ita ke sa ido a kai.

Mataki na bakwai: shaida da ƙorafin janye kuɗi

A mafi yawan nau'o'in ƙorafi, dokokin Visa da Mastercard suna ba mai kati har kwana 120 ya ƙalubalanci ciniki. Dalilan da aka fi bayarwa su ne ba shi ya yi cinikin ba, ko kaya ba su iso ba, ko abin da ya iso ba shi aka nuna masa ba, ko an cire masa kuɗi sau biyu. Idan ƙorafi ya zo, kamfanin zai aiko maka da imel ya ba ka ɗan gajeren wa'adi, wani lokaci bai wuce yini ɗaya ko biyu na aiki ba, kuma shirunka amincewa ce, za a cire kuɗin daga abin da ake shirin tura maka. Don haka imel ɗin kasuwanci abin dubawa ne kullum.

A nan ne al'adar kasuwancinmu ke buƙatar gyara. Mun saba kai kaya tasha mu damƙa wa direba, mu tura wa mai saye lambarsa, magana ta ƙare a fatar baki. Bankin da ke Legas ko Landan ba ya karɓar irin wannan a matsayin hujja. Abin da yake so shi ne rasit mai lambar ciniki da kwanan wata, takardar aika kaya mai suna da adireshin mai karɓa, sa hannunsa ko hoton miƙa kayan, da saƙonnin da kuka yi musaya. Idan ta tasha za ka aika, ka karɓi takardar ofishin lodi, ka ɗauki hoton ƙunshin da sunan a jiki, ka kuma nemi mai saye ya rubuto cewa kaya sun iso. Mai koyarwa ta intanet ya ajiye bayanin ranar da ɗalibi ya shiga darasi, tela kuma ya ajiye hoton samfurin da aka amince da shi da awon da aka turo kafin a biya kafin alƙalami. Duk wannan a adana shi aƙalla wata shida.

Ka rubuta sharuɗɗanka a inda mai saye zai gani kafin ya biya: kwanakin da kaya ke ɗauka, wanda zai biya kuɗin mota, abin da ake iya dawowa da shi da wanda ba a iyawa, da lambar da za a kira. Mutumin da ya sami wanda zai saurare shi ba kasafai yake zuwa banki ba. Idan kuma laifin naka ne, ka mayar da kuɗin da kanka ta cikin asusun tun kafin ya zama ƙorafi, domin yawan ƙorafi yana sa kamfani ya riƙe wani kaso na kuɗinka ko ya rufe asusun gaba ɗaya.

Mayar da kuɗi yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa, wato ta hanyar da ya zo ta nan yake komawa. Wata tsohuwar damfara ita ce mutum ya biya da katin sata, sannan ya kira ya ce ya fasa ko ya biya fiye da kima, ya ba da lambar wani asusu a tura masa. Idan ka tura, mai katin na gaskiya zai kai ƙorafi daga baya a sake cire kuɗin, ka biya sau biyu ke nan. Sauran alamun da ke sa a dakata sun haɗa da sabon mai saye da ya yi babbar oda ba tayi kuma yana gaggawa, da wanda ya gwada katuna da yawa kafin ɗaya ya wuce, da jerin ƙananan biya masu gazawa a cikin 'yan mintoci, wanda yakan nuna ɓarawo ne ke gwada lambobin da ya sato a shafinka. A irin wannan hali ka riƙe kayan, ka kira mai sayen, ka sanar da kamfanin.

Mataki na takwas: katunan ƙetare

Galibi ba a kunna wannan sai an nema, kuma sai mai rajistar CAC. Haɗarinsa ya fi na cikin gida, domin katunan Najeriya kusan kullum suna neman PIN ko OTP, alhali wasu na waje suna wucewa da lamba kawai. Cinikin da bankin mai kati ya tabbatar ta tsarin 3D Secure, wato tantance cewa mai katin ne da kansa ke biya, yakan ɗauke wa mai sayarwa nauyin ƙorafin sata, amma ba ya kare shi daga ƙorafin rashin isar kaya. Tunda mazauna ƙetare sukan biya ne a kai wa wani a gida, ka sa mai biyan ya rubuto sunan mai karɓa da lambarsa da kansa. Mai son a biya shi da dala kuma zai buƙaci asusun dala na kasuwanci da amincewar kamfanin.

Mataki na tara: bin sawun kuɗi

Kuɗin katin cikin gida yakan sauka washegari idan ranar aiki ce, a dunƙule, bayan an cire la'ada. Cinikin Juma'a sai Litinin, na jajibirin Sallah kuma sai an dawo daga hutu, lokacin da ɗan kasuwa ya fi buƙatar kuɗin sarin kaya, don haka a tanadi abin juyawa tun kafin lokacin. Kowane mako ka sauke bayanin cinikayya daga asusun, ka gwada shi da littafin oda da bayanin banki, ka ware la'ada da kuɗin da aka mayar a layinsu dabam saboda lissafin haraji. Duk inda alƙaluma suka saɓa, ka rubuta wa kamfanin a cikin makon tare da lambar cinikin da kwanan watansa, domin da wannan lamba ce kaɗai suke iya gano inda kuɗin ya tsaya.